Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tsatsa da Rijiyoyin Ƙasar Mairuwa

Sunan garin Mairuwa kaɗai ya isa ya faɗi arzikinsa. Garin yana kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, a ƙaramar hukumar Faskari, kuma madatsar ruwan da ta ci sunansa tana cikin waɗanda birnin Funtuwa ke sha daga gare su. A kan wannan tudu na kudancin Katsina ne kogin Sakkwato ke fara tattara ruwansa kafin ya nufi yamma, damina kuma ta fi yi wa yankin alheri fiye da yadda take yi wa arewacin jihar. Duk da haka, a ƙauyuka da dama na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ruwan sha yana fitowa ne daga rijiyar burtsatse, ta bakin famfon tuƙa-tuƙa ko ta injin da hasken rana ke juyawa.

Duk wanda ya saba da irin waɗannan famfuna a karkarar Arewa ya san wasu alamu guda biyu. Ta farko, bokitin farko na asuba yakan fito da ruwa ja kamar an jiƙa marmara, mai ƙarnin ƙarfe a baki. Ta biyu, famfon da aka yi bikin buɗewa da tafi yakan fara nauyi bayan ɗan lokaci, a yi ta tuƙawa ruwa na zuwa kaɗan-kaɗan, har wata rana hannun ya yi sakwaf, a bar shi tsaye yara na lilo a kai. Akan ɗora laifin a kan rashin kulawar jama'a, ko a kan ƙafewar rijiya, ko a ce kwanansa ne ya ƙare. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa an yanke wa famfon hukuncin mutuwa tun ranar da aka zura bututunsa, domin an haɗa wani irin ƙarfe da wani irin ruwa waɗanda ilimin kimiyya ya daɗe da sanin ba sa zama lafiya. Tsatsa tana da ƙa'ida, ana iya hango ta tun kafin ta zo, saboda haka wanda ya ba da kwangilar rijiya ba tare da ya auna ruwan ya zaɓi ƙarfen da ya dace ba, shi ya kamata a fara tambaya idan ta lalace.

Bashin da ƙasa ke bin ƙarfe

Maƙeran dā sun fi kowa sanin cewa ba a tsintar baƙin ƙarfe a ƙasa. Abin da ake tsinta shi ne tama, wato ƙarfen da ya riga ya haɗe da iskar oksijin ya zama dutse. Jan launin marmara da na jar ƙasar da ake gina gidaje da ita a kudancin Katsina daga wannan haɗin ya samo asali. Baƙin ƙarfe ya kai kusan kashi 5 cikin 100 na ɓawon duniya, amma kusan dukkansa a ɗaure yake da oksijin ko da wasu sinadarai.

Aikin mai narkar da tama shi ne raba wannan aure da ƙarfin tsiya. Yakan jera tama da gawayi a cikin murhu, a yi ta hura wuta har zafi ya kai wajen digiri 1,200. A wannan zafin, iskar da ke tashi daga gawayin tana fizge oksijin daga jikin tamar, ta bar dunƙulen ƙarfe da maƙeri zai ɗora a kan uwar maƙera ya buge ƙazantarsa da masaba. Wannan sana'a tsohuwa ce a ƙasar nan: murahun da masu binciken kayan tarihi suka tono a Taruga, cikin yankin al'adun Nok, sun haura shekara 2,000.

Abin lura shi ne, ƙarfin wutar da aka kashe wajen raba ƙarfe da oksijin tamkar bashi ne aka ci. Daga ranar da fartanya ta fito daga maƙera, ƙarfenta yana neman hanyar komawa yadda yake, kuma da zarar ya sami ruwa da iska tare, zai fara biya. Tsatsa ita ce tamar da ta dawo. A busasshen wuri biyan yakan yi jinkiri ƙwarai, shi ya sa garmar da aka rataye a rumbu da rani take daɗewa fes, amma wadda aka manta a kunya da damina take yin ja cikin kwanaki.

A matakin ƙwayar zarra, abin da ke faruwa musaya ce. Kowace ƙwayar ƙarfe tana da wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda ake kira ilektiron. Idan danshi ya kwanta a kan baƙin ƙarfe, ƙwayoyin da ke wani gefe sukan saki ilektiron biyu-biyu su narke cikin ruwan. Ilektiron ɗin su bi ta jikin ƙarfen zuwa wani gefen, inda oksijin ke jira ta karɓe su. Narkakken ƙarfen kuma ya sake haɗuwa da oksijin ya zama jan garin nan da kowa ya sani. Ke nan kowane ɗigon ruwa a kan ƙarfe ƙaramin batir ne. Duk abin da ya sa ruwa ya fi ɗaukar lantarki, kamar gishiri ko takin zamani, yana ƙara wa batirin ƙarfi. Manomin masara a Sabuwa da ya ga ƙasan baronsa ko bodin motarsa ya rube bayan jigilar taki ya ga wannan ƙa'ida da idonsa.

Rashin sa'ar baƙin ƙarfe ita ce tsatsarsa ba ta manne masa. Ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki biyu zuwa shida, don haka takan kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon wuri ga ruwa. Irin wannan kumburin ne ke tsaga kankare idan rodin da ke ciki ya yi tsatsa. Alminiyon kuwa, duk da ya fi baƙin ƙarfe saurin kama oksijin, fatar da yake yi siririya ce mai manne wa jiki, tana toshe hanya gaba ɗaya. Dalilin ke nan da tukunyar alminiyon ke shekaru a madafa ba ta yi ja ba.

Kowane ƙarfe da matsayinsa

Ƙarafa ba ɗaya suke ba wajen saurin sakin ilektiron. Masana sun jera su bisa wannan hali, daga masu rawar jiki zuwa masu nauyin jiki. A can sama akwai irin su sodiyam, wanda idan aka jefa shi cikin ruwa sai ya yi ta tsuwa yana fitar da iska mai kama wuta. Sai alminiyon, sai tutiya, sai baƙin ƙarfe, sai kuza da dalma, sannan jan ƙarfe, azurfa da zinariya a ƙasa. Ana ma iya auna bambancin da lambobi: tutiya tana da ma'aunin bolt 0.76 ƙasa da sifiri, baƙin ƙarfe 0.44 ƙasa da sifiri, jan ƙarfe kuwa 0.34 sama da sifiri. Gwargwadon yadda lambar ta yi ƙasa, gwargwadon saurin ƙarfen wajen ba da kai.

Wani gwaji da ake yi a ajin kimiyya na sakandare yana nuna wannan a fili. A narka gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi, wato kofa salfet, a tsoma ƙusa a ciki. Cikin mintuna ƙusar za ta lulluɓe da jan ƙarfe, shuɗin ruwan kuma ya fara dusashewa. Baƙin ƙarfen ne ya miƙa ilektiron ɗinsa ga jan ƙarfen da ke cikin ruwan, shi ya narke, wancan ya fito. Idan aka juya gwajin, aka tsoma wayar jan ƙarfe cikin ruwan gishirin baƙin ƙarfe, babu abin da zai faru. Wannan ne ya sa ake gargaɗin manoma kada su kwaɓa maganin feshi mai ɗauke da gishirin jan ƙarfe a cikin bokitin ƙarfe: bokitin zai ci, maganin kuma ya rage ƙarfi.

Jerin nan ya bar sawu a tarihi. Zinariya, da yake ba ta kula oksijin, ana wanke ta daga yashi tana ƙyalli. Jan ƙarfe yana da sauƙin rabuwa da tamarsa, yana kuma narkewa a digiri 1,085, alhali baƙin ƙarfe sai ya kai 1,538. Lokacin da Ibn Battuta ya isa Takadda a 1353, garin da masana da yawa ke dangantawa da kufan Azelik a ƙasar Nijar, ya tarar ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda ana ciniki da shi a matsayin kuɗi, ana kuma kai shi Gobir da Borno. Ƙarfen da zai zama kuɗi dole ya jure hannu da gumi da ajiya, kuma jan ƙarfe yana jurewa: idan ya daɗe a iska yakan yi baƙi-baƙi, daga baya ya yi kore, koren kuma ya zame masa riga. Rabuwar sana'ar ƙira a ƙasar Hausa zuwa maƙeran baƙi da maƙeran fari tana bin wannan layin. Na farko suna fama da ƙarfe mai ƙarfi mai saurin tsatsa, suna yin kayan noma da na yaƙi; na biyu suna sarrafa azurfa da tagulla, wato gaurayen jan ƙarfe da tutiya, suna yin kayan ado da ake gada.

Idan ƙarfe biyu suka haɗu

Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. A cikin ruwa, amon da ƙarfe biyu mabambanta ke yi lantarki ne. Idan suka taɓa juna a cikin danshi, wanda ya fi rawar jiki yakan riƙa tura ilektiron ga ɗan'uwansa, shi yana narkewa da sauri fiye da yadda zai yi in shi kaɗai ne, ɗayan kuma yana samun kariya.

Injiniyoyi sun mai da wannan hali abin amfani. A 1824 Humphry Davy ya nuna cewa idan aka liƙa guntayen tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin faifan jan ƙarfen da ke lulluɓe da jiragen ruwan sojan Ingila, guntayen ne za su ci, faifan ya tsira. Kwanon rufi na langalanga ma a kan wannan hikima yake: baƙin ƙarfe ne aka tsoma a narkakkiyar tutiya. Ko ƙusa ta huda kwanon, tutiyar da ke kewaye da hudar ce za ta riƙa fansar ƙarfen da kanta har sai ta ƙare. Ranar da ta ƙare, tsatsa ta shigo. Saboda haka tsawon ran kwano ya dogara da kaurin tutiyar da aka shafa masa, abin da mai saye ba ya iya gani da ido a kasuwa.

Inda aka yi sakaci kuma, halin yakan zama masifa. Mutum-mutumin 'Yanci da ke bakin tekun New York a Amurka fatarsa ta jan ƙarfe ce, ƙasusuwan da ke riƙe da ita kuma na baƙin ƙarfe ne. Da abin da aka sa a tsakaninsu ya lalace, danshi ya shiga, sai ƙasusuwan suka yi ta ruɓewa suna kumbura, har aka maye su da ƙarfen da ba ya tsatsa a babban gyaran da aka yi daga 1984 zuwa 1986. Ƙasa mai arziki ta iya biyan kuɗin wannan kuskure. Ƙauyen da ke da rijiya ɗaya ba shi da wannan sukuni.

Abin da ke faruwa a ƙasan rijiya

Famfon da ya fi yaɗuwa a Afirka, India Mark II, an ƙirƙiro shi ne a Indiya a shekarun 1970 da tallafin UNICEF. A tsarinsa na asali, bututun da ke hawo da ruwa da sandunan da ke cikinsa duk na baƙin ƙarfe ne mai rigar tutiya, silindar da ke can ƙasa kuma cikinta shafe yake da tagulla. Inda ruwa ba shi da tsami kuma yana ɗauke da isasshen sinadarin kalsiyam, famfon yana shekaru yana aiki, domin irin wannan ruwan yakan shimfiɗa wani ɓawo a jikin bututun ya kare shi.

Ana auna tsamin ruwa da ma'aunin pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da ita ɓangaren tsami ne, irin na tsamiya da lemo. Sama da ita ɓangaren kanwa da toka ne. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, don haka ruwa mai lamba 6 ya fi mai lamba 7 tsami sau goma, mai lamba 5 kuma sau ɗari. Harshe ba ya jin wannan bambanci, amma tutiya tana ji.

Ƙarƙashin kudancin Katsina shimfiɗe yake da tsofaffin duwatsu masu tauri, irin waɗanda ke leƙowa a matsayin fā da tsaunuka a Faskari da Ƙanƙara. Farar ƙasar da Ƙanƙara ta shahara da ita ma daga rugujewar irin waɗannan duwatsun ta samu. Ruwan sama da ya ratsa ƙasa yakan kwashi iskar kabon da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, ya yi ɗan tsami, kuma irin waɗannan duwatsun ba su da yawan sinadarin da zai kashe tsamin. Shi ya sa a sassa da yawa na Afirka ta Yamma masu irin wannan shimfiɗa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kan kasance mai cin ƙarfe. Rijiyoyi sun bambanta, har biyu da ke ƙauye ɗaya kan iya saɓawa, kuma wannan ne ya sa awo ya zama dole a kan kowace guda.

Sanin wannan ba sabo ba ne. Otto Langenegger, wanda ya yi bincike a ƙasashen Afirka ta Yamma a ƙarƙashin shirin ruwa na Bankin Duniya da UNDP, ya fitar da rahotonsa a kan ingancin ruwa da tsatsar famfuna a 1994. Ƙa'idar da ta fito daga irin wannan aiki gajera ce: idan pH ya gaza 6.5, kada a zura bututun ƙarfe mai rigar tutiya. A irin wannan ruwan tutiyar takan narke da wuri, baƙin ƙarfen ya fito tsirara, zaren mahaɗar bututu ya ci, ruwa ya riƙa tsiyayewa yana komawa rijiya, daga ƙarshe sanda ta tsinke ko bututun ya faɗa. Kusan shekara talatin bayan haka, a 2022, ƙungiyar RWSN mai haɗa ma'aikatan ruwan karkara ta sake fitar da rahotanni a ƙarƙashin jagorancin Kerstin Danert, waɗanda suka ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 200 a Afirka kudu da Sahara sun dogara da famfunan hannu kimanin 700,000, suka kuma nuna ana ci gaba da ganin saurin tsatsa a ƙasashe fiye da 20. An san ciwon, an san maganin, amma ana ta zura bututun.

Dalilin da ya sa abin ya fi ciwo a nan

Ƙarfen da ke cikin jan ruwa ba guba ba ne a irin adadin da aka saba gani. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa iyakarsa a miligiram 0.3 a kowace lita, musamman saboda ɗanɗano da launi, ta kuma sa pH tsakanin 6.5 da 8.5. Illar tana zuwa ne ta bayan gida. Ruwan da ke ɓata farin kaya, ya mai da shayi baƙi, ya sauya launin tuwo, mata sukan guje shi. Baƙin da shayi ke yi haɗuwar ƙarfe ce da sinadarin da ke cikin ganyen, irin haɗin da dukawa ke yi da ruwan ƙarfe a kan fatar da aka jeme da bagaruwa su sami baƙin rini. Idan aka guji famfo, sai a koma rafi da kududdufi da buɗaɗɗiyar rijiya, inda amai da gudawa da taifot ke jira. Ruwan da ya fi tsabta ta fuskar ƙwayoyin cuta shi ake bari saboda launinsa.

Akwai kuma wani ƙarfen da ba ya nuna launi. Tagullar da ake yin kan famfo da mahaɗai da ita takan ƙunshi dalma, haka ma rigar tutiya maras inganci, kuma ruwa mai tsami yana iya jiƙo ta. Iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce kacal a lita, domin tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Maƙwabtan Zamfara ba sa bukatar a yi musu dogon bayani: a 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Hanyar da dalmar ta bi a can dabam ce, adadin ma ya fi na bututu nesa ba kusa ba, amma darasin ɗaya ne. Birnin Flint na Amurka ya koye shi daga 2014, lokacin da aka sauya masa mashaya zuwa ruwan da ya fi cin ƙarfe ba tare da an sa maganin kare bututu ba, dalma ta shiga gidajen mutane. Wannan ya shafi duk wata matatar ruwa da ke shan madatsa irin ta Mairuwa: alif ɗin da ake zubawa don laka ta kwanta yana ƙara wa ruwa tsami, don haka sai an daidaita shi da sinadari mai halin kanwa kafin a sake shi cikin bututun gari.

Sai kuma halin da yankin ke ciki. Shekaru ke nan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi taɓawa. A inda hanya ke da haɗari, makanikin famfo ba ya zuwa da wuri, kayan gyara kuma sai an je Funtuwa ko nesa da haka. Garuruwan da suka karɓi waɗanda aka kora daga ƙauyukansu suna da baki da yawa a kan rijiyoyi kaɗan. Matar da famfon unguwarta ya mutu, ta ɗauki tulu ta nufi bayan gari, tana fuskantar abin da ya fi ƙishirwa. A irin wannan wuri, kayan da ke bukatar gyara duk shekara kaya ne da ba za a gyara ba. Ɗorewa ta zama wani ɓangare na tsaro.

Hujjojin da akan kawo

Za a ce bututun da ba ya tsatsa ya fi tsada, kasafin kuɗi kuma ba shi da yawa, gara a haƙa rijiya goma da kayan araha da a haƙa takwas da masu tsada. Lissafin yana da kyau a ranar buɗewa kawai. Mafi yawan kuɗin rijiya a binciken wuri da haƙa da jera bututun bango suke tafiya. Bututun hawo da ruwa ƙaramin kaso ne. Wanda ya yi tsimi a kansa ya jefa dukkan jarin cikin haɗari, musamman idan bututun ya tsinke ya toshe ramin. Abin ƙirgawa shi ne shekarun da rijiya ta yi tana ba da ruwan da ake sha. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Za a kuma ce jan ruwan daga ƙasa yake fitowa, tunda ƙasar kanta cike take da ƙarfe. Wannan yakan faru, kuma akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa. A auna ƙarfen da ke cikin bokitin farko na safe, sannan a yi ta tuƙawa ba tsayawa ana sake aunawa. Idan adadin ya faɗi warwas bayan an kwashe ruwan da ya kwana a bututu, famfon ne ke narkewa. Idan ya tsaya yadda yake, daga ƙasa ne, maganinsa kuma shi ne a bar ruwan ya sha iska a tace shi da yashi.

Hujja ta uku ta fi nauyi: madadin ma yana da nasa aibin. Bututun roba mai tauri, irin wanda famfon Afridev ke amfani da shi, ba ya tsatsa, amma yana da iyakar zurfi, wajen mita 45, yana kuma iya tsagewa idan ba a haɗa shi da kyau ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield a 1913, sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke yi masa siririyar fata irin ta alminiyon. Samfurin da ake kira 304 yana da kuromiyam kimanin kashi 18 da nikel kashi 8. Amma akwai samfura masu araha da aka rage musu nikel, suna ƙyalli iri ɗaya a kanti, kuma maganaɗisu ba ya bambanta su. Wannan gaskiya ce, sai dai abin da take nema shi ne a ƙara sa ido a kan ingancin kaya. Akwai na'urar hannu da ke karanta sinadaran ƙarfe cikin daƙiƙu, kuma guda ɗaya a hannun hukumar jiha ta isa duba kayan kwangiloli masu yawa.

Masu cewa zamanin tuƙa-tuƙa ya wuce, yanzu na sola ake yi, su ma ba su tsira ba. Injin da ke cikin rijiya, bututun da ya rataye shi, hasumiyar ƙarfen da ke ɗauke da tanki, kawunan famfo na tagulla da wayoyin jan ƙarfe duk suna ƙarƙashin jerin nan. Inda aka ɗaura kan tagulla kai tsaye a bututun ƙarfe, an gina batirin Davy ne, sai dai bututun ne abin fansa.

Abin da ya kamata ya shiga takardar kwangila

Gyaran ba ya bukatar sabuwar fasaha. Na farko, duk rijiyar da za a haƙa da kuɗin jama'a, ko na gwamnati ne, ko na aikin mazaɓa, ko na ƙungiyar agaji, ko sadakar wani attajiri, a auna pH da ƙarfe a bakin rijiyar ranar gwajin ruwa. A bakin rijiyar ake so, domin idan ruwan ya yi tafiya a jarka iskar kabon takan fice, lambar ta hau, a sami sakamakon da ya fi gaskiya kyau. Na'urar awon ba ta wuce girman alƙalami ba. Na biyu, inda lambar ta gaza 6.5, a haramta bututun ƙarfe mai rigar tutiya a rubuce. Uganda ta ɗauki irin wannan mataki a 2016, lokacin da ma'aikatar ruwanta ta dakatar da amfani da shi a famfunan karkara. Babu abin da zai hana hukumar RUWASSA ta Katsina da ƙananan hukumomi su sa sharaɗi makamancinsa, hukumar SON kuma ta bi sawun kayan da ke shigowa kasuwa. Na uku, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har rijiya ta cika shekara, a sake awo kafin a sallame shi. Na huɗu, a rubuta lambar pH da irin bututun da aka zura a jikin allon da ake rubuta sunan wanda ya ba da aikin, don mai unguwa da kwamitin ruwa su san abin da aka bar musu.

Wannan aiki ne da ya faɗo a kan masu ilimin yankin. 'Ya'yan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da ke aiki a Katsina da Kaduna da Abuja su ne ke zama a kwamitocin ba da kwangila, su ne ke tara kuɗi a ƙungiyoyin ci gaban gari don haƙa wa mahaifarsu rijiya, su ne kuma ake tuntuɓa idan wani zai yi sadaka mai gudana. Da yawansu sun haddace jerin ƙarafa don cin jarrabawar sakandare. Tambaya biyu kacal ake bukata daga gare su kafin a sa hannu: nawa ne pH ɗin ruwan, kuma wane irin bututu za a zura? Ɗan kwangilar da ya kasa amsa su bai kamata a ba shi aikin ba.